Malafun Malam Sun Sha Wanki

Ni dai tun da na auri Malam Ishiyaku nake share ƙurar malafun nan, har bayana ya gaji. Gwanjo yake sayarwa a kasuwar Birnin Kudu. Duk dilar da ya kwance, in ya ci karo da malafar Turawa ta Jamus ko Ostiriya, irin mai kaurin nan ta gashin zomo ko na tunkiya da ake soka wa gashin tsuntsu, sai ya kawo ta gida ya rataye a ƙusa. Ba ya sawa, ba ya sayarwa. Na yi mita har na bari.

Abin da ya dame shi shi ne shekarunsu. Wani tsohon kuku da ya yi wa Jamusawa aiki a Kano ne ya koya masa gane su. A cikin kowace malafa akwai fatar da ke zagaye goshi, da hatimin mai ɗinki a jikinta. Malam zai shafa fatar ya ce wannan ta girmi yaƙin duniya na biyu, waccan kuwa bayan an raba Jamus biyu aka yi ta. Ni duk warin tsufa nake ji.

Bayan an yanke mana Jigawa daga Kano, idonsa ya fara dushewa. Ya bar kasuwa, ya bar zaman majalisa. Sai ya yini a ɗaki yana sauke malafu yana lalube, yana faɗa wa bango shekarunsu. A nan na daina tsanar su, wallahi, don su kaɗai suka rage masa da yake iya karantawa.

Da aka kwantar da shi a asibiti ina jinya, 'yarmu Munira ta zo daga gidan mijinta a Gwaram ta riƙe mana gida, ga tsohon ciki. Likita ya duba iya dubawa, ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu. Muka dawo gida.

Muna shiga Munira ta tare mu da murna. "Baba, na yi maka abin mamaki! Na kai duk malafunka wurin mai wankin hula."

Na dubi bango. Mutumin ya yi musu yadda yake wa zanna: sabulu, buroshi, sitaci, sannan ya kifa su a kan gwangwani a rana. Sun tsuke, sun sandare. Fatun cikin kuwa, da ya ga sun tsattsage, ya farke su ya ɗinka farin yadi. Ita kuma Munira ta jera su launi-launi, kore da kore, toka da toka.

Malam ya karɓi ɗaya, ya zura yatsa ciki.

"Allah ya yi miki albarka, Munira," ya ce. "Kin sha wahala."

Ta koma Gwaram da la'asar tana fara'a. Ƙarar motarsu na ɓacewa Malam ya ce, "Rahamatu, fatun da ya cire fa?"

Na tashi na nufi rumfar mai wanki. Na same su a cikin kwandon shara, haɗe da ɓawon rake. Har yana ce min bai caji kuɗin yadin ba! Ban tanka masa ba, don in na buɗe baki sai an raba mu.

Na zube wa Malam su a cinya. Fuskarsa ta saki. Ya ɗauki ɗaya, ya bi hatimin da babban yatsa. "Wannan ta Ostiriya ce, tsohuwa ƙwarai, mai gashin zomo. Miƙo min malafarta."

"Wacce, Malam?"

"Ta ƙusar bakin taga."

"An sassauya musu wuri."

Na riƙa sauke masa su ɗaya bayan ɗaya. Yana gwada fatar a bakin kowacce, ko ina ta yi yawa, don duk sun tsuke. Sitaci ya kwantar da gashin, ba ya bambance na zomo da na tunkiya. Har aka kira magariba muna abu ɗaya.

Da ya kai ta ƙarshe, ya ajiye ta a tabarma, ya dunƙule fatar a hannunsa.

"Ki mayar da su bango," ya ce. "Ko ta ina ma."