Ƙwayar Ƙarfe Shida

Ni dai mace ce mai son a ce na iya. Da likita ya rubuta wa Baba ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin bayan rasuwar mahaifiyarmu, sai na ƙwace aikin daga hannun ƙannena, har da cika baki cewa in ba ni ba babu mai iya wa tsohon nan.

Kullum ƙarfe shida na safe, kafin in tafi makarantar da nake koyarwa, sai in tura ƙofar ɗakinsa da kofin ruwa. Ina tsaye, jaka a kafaɗa, zai haɗiye, in ce ya buɗe baki in gani kamar ɗan aji ɗaya. Minti biyu na fice. Da yamma kuwa a gajiye nake dawowa, ga littattafan yara jibge suna jiran maki, sai dai in ɗaga murya daga falo in ce, "Baba, sannu da gida."

Aka yi wata guda, maimakon ya murmure sai ramewa. Agogonsa ya fara yawo a hannu. Burodin karin kumallo yadda aka kai haka ake dawo da shi. Na yi ta mita ina cewa tsufa ya zo masa da rigima.

Wata Talata na manta makullin aji, na juyo daga hanya. Tun daga bakin ƙofa na jiyo kakarin amai a banɗaki. Ya fito yana dafa bango, da ya gan ni ya yi sauri ya goge baki da hannun riga.

"Maƙogwaro ne ke min ƙaiƙayi, Uwata," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na kwashi kwalaben na nufi kemis ɗin bakin titi, da niyyar in wanke mai shagon tas don ya sayar mana da jabu. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce, "Me yake ci kafin ya sha?"

Na ce ruwa kawai, sai ya ɗaga kwalbar ƙwayar ƙarin jinin.

"Malama, wannan ba a shan shi ciki babu komai, tayar da zuciya yake. A ba shi bayan abinci, da ruwa sosai, kada a haɗa da shayi. In bai daina ba, ku koma wa likita ya sauya masa." Ya juya kwalbar ya nuna min, ga shi nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Ni da nake rage wa yara maki don ba su karanta umarnin jarrabawa ba! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ai na faɗa wa tsohon," ya ƙara. "Da ƙafarsa ya zo ya tambaye ni, yau sati uku ke nan."

Ban je makaranta ba ranar. Na tarar da Baba zaune a bakin gado, na durƙusa a gabansa, kunya ta hana ni ɗaga kai.

"Baba, ashe kun sani? Me ya sa kuka yi shiru kuna ta wahala?"

Ya daɗe yana juya agogon nan a hannunsa.

"In na ce sai bayan abinci, ajiye min za ki yi a kan tebur ki wuce," ya ce. "Ƙarfe shidan nan ne kaɗai nake ganin fuskarki, Uwata."

Na tashi na haɗo abinci a faranti biyu, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya cinye nasa tas, ya miƙo hannu na ba shi ƙwayar.