Gurbin da Makiyaya Suka Ƙi Cikewa

Fadilu mai gyaran salula ne a kasuwar Gure. Ba wanda ya koya masa rubuta manhaja. Da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da ya sayo a Damagaram ya koya, yana ɓatawa yana gyarawa. Wata shida ya yi yana haɗa wata manhajar salula ta rubuta bayanan rigakafi don kawunsa Aisami, ma'aikacin dabbobi mai bin rijiyoyin Alakos yana yi wa garkuna allurar rigakafi. Manhajar tana aiki ko babu rezo, wato layin sadarwa. Amma sau biyu Aisami ya fita da ita, sau biyu ya dawo ba a rubuta kome ba.

"Salular ce makiyayan ba sa so," in ji Aisami. "Da na ciro ta na fara tambaya, sai su kora dabbobinsu su wuce. Ran Litinin za a fara zagayen bana. In ba ta gyaru ba, kayena na rubutu da bik zan ɗauka."

A Asabar ɗin nan ne ƙungiyar masu rubuta manhaja ta kyauta ta kawo taronta Gure. Takardar gayyata ta faɗi abin da za a tarar: jawabai da safe, shinkafa da rana, bayan azahar kuma zaman da suka kira "kawo abin da ya ƙi", inda kowa zai nuna aikinsa da ya gagara. An ce kowa ya zo da abin cajinsa, kada ya dami wani.

Fadilu bai so zuwa ba. Yana ganin masu digiri daga Yamai za su yi masa dariya. Wannan ba kunya ba ce, girman kai ne ya sa rigar kunya, kuma ya hana mutane da yawa koyon abin da ke gabansu. Amma Litinin ta matso, sai ya tafi, ya ja kawunsa.

Da safe wani ya yi bayanin yadda ake ajiye bayanai a wurin da babu rezo. Wani ya nuna yadda mutum goma za su gyara manhaja ɗaya ba tare da sun taka aikin juna ba. Fadilu ya fahimci rabi, ya rubuta sauran. Aisami ya yi gyangyaɗi a baya.

Bayan azahar Fadilu ya miƙe, ya haska manhajar a bango. Ba wanda ya yi dariya. Samari uku suka duƙufa kan rubutun, suka ce ba su ga kuskure ba.

Sai wata mata mai suna Habsu, mai koyar da ordinatar a Damagaram, ta ɗaga hannu. Uwarta 'yar Alakos ce.

"Malam Fadilu, koma shafin farko. Wannan gurbin mai jan tauraro, mene ne?"

"Yawan dabbobin mutum. Sai an cike shi ake wucewa gaba."

Ta juya wajen Aisami. "Baba, lokacin da kake da kaye, kana tambayar makiyayi yawan shanunsa?"

"Ni? Wa ke yi wa makiyayi wannan tambayar? Ai ba a ƙidaya dabba da baki, albarkarta ake ragewa. Kwalaben maganin da suka ƙare nake dubawa, in rubuta."

"To me ya sa yanzu kake tambaya?"

Aisami ya sosa gemu. "Na'urar ce ta ce in tambaya."

Nan ne aka yi dariya, kuma da shi aka yi ta.

"Kawu, wata shida ba ka faɗa mini ba," in ji Fadilu.

"Ka tambaye ni? Kullum kanka a cikin gilashi."

Habsu ta jawo kujera. Suka cire gurbin, suka sa na kwalabe a madadinsa, manhajar ta riƙa lissafa allurai da kanta ba tare da an buɗe baki ba. Wani saurayi daga Yamai ya ƙara wurin zana shaidar da ke jikin dabbobin kowane gida. Kafin la'asar sun gama, suka sa sunan Fadilu cikin masu aikin ƙungiyar, Habsu ta ba shi lambarta.

Ran Litinin Aisami ya ɗauki salular. Kayen ma ya cusa shi a jaka, don bai gama yarda ba.

Ran Alhamis Fadilu yana canja wa wata mata gilashin salula, sai ordinatar ta yi ƙara. Aisami ya shigo rezo a garin Kelle, bayanai suna sauka: rijiya ta ɗaya, ta biyu, har ta bakwai. A ƙarƙashinsu akwai saƙon kawun:

"Ba wanda ya gudu. Kayen yana jaka, ban buɗe shi ba. Ka ƙara girman rubutun, idona ba na saurayi ba ne."