Takalmin Madam Edith

Boniface yana ƙarƙashin motar tun kafin mai janwen da ya jawo ta ya gama kwance sarƙa. Bai ko amsa gaisuwar Madam Edith da kyau ba, domin ya riga ya ji labarin a waya: tana gangarowa kasuwar Sabon Tasha ta taka birki, ƙafarta ta tafi har ƙasa kamar ta taka auduga. Allah ya sa motar lantarki ce, irin wadda da zarar an ɗaga ƙafa daga totur take rage gudu da kanta. Haka ta yi ta jan jiki har ta tsaya, hancinta na taɓa tiren wata mai tumatir da goyo a bayanta.

Kwana uku ke nan da Boniface ya sauya wa motar fatar birki da hannunsa. Shekara ashirin da shida yana kanikanci a Kakuri, ba a taɓa cewa aikinsa ya ji wa wani ciwo ba. Yau kuwa tsoro ya kama shi ƙwarai. In hannunsa ne ya kusa kashe mace da jaririnta, to ya san ba zai ƙara taɓa birkin kowa ba.

Yana da wata al'ada da abokan sana'a suke masa dariya a kai. Duk notin da ya ɗaure sai ya ɗiga masa jan farcen matarsa Nkiruka, don in ya motsa ya gani. Ya bi ƙafafun motar huɗu ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗigo yana nan inda ya bar shi, bututan man birki kuma a bushe ƙayau. Ya buɗe bonet, yana kaffa-kaffa da wayoyin nan masu ruwan lemo da wuta ke bi, ya leƙa robar man birki. Saura ɗan kaɗan a gindi.

Madam Edith, malamar jinya ce mai baki, tana zaune a benci tana fifita da katin asibiti. Ta rantse ba ta taɓa ganin ɗigon mai a inda take ajiye motar ba, ga shi siminti ne, kullum ana share shi. Boniface ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya zuba sabon mai, ya taka birkin sau goma. Birkin ya nutse a hankali, kwalin ko ɗigo. Man yana tafiya, amma ina?

Ya tsuguna a bakin ƙofar direba yana sharce zufa, sai ya ga takalmi ƙafa ɗaya a gefen birki, mai tsini, ja, duk fentinsa ya sale. Ya ɗauko shi yana juyawa.

"Kada ma ka tuna min," in ji Madam Edith. Ta ce ita ba ta iya tuƙi da tsini, sai ta tuɓe na dama ta ajiye a nan. Tagwai mai takalma ya sayar mata da jabu, ƙafa ɗaya ta sale ta bar ɗaya. Har rumfarsa ta je ta wanke shi tas a gaban mutane.

"Madam, yaushe ya fara salewa?"

"Tun kafin bikin ƙawata Vicky. Sati uku ke nan."

Boniface ya ɗage kafet ya shafa. Yatsunsa suka fito da santsi. Ya sinsina, sannan ya zauna daɓas a ƙasa ya saki wata ajiyar zuciya da ta sa Madam Edith ta daina fifita. Ya yi mata bayani cewa masta ce, wato famfon da ke tura mai zuwa ƙafafu in an taka birki. Robar bayanta ta mutu, man yana bin sandar birki yana tsiyaya cikin mota, kafet yana shanyewa. Man birki kuwa cin fenti yake yi, shi ya sale takalmin. Ita kuma da yake motar na rage gudu da kanta, ba ta cika taka birki da ƙarfi ba, shi ya sa ba ta ji yana laushi ba sai yau.

"Ke nan ba aikinka ba ne, Oga Boni?"

"Sati uku, Madam. Ni ko ranar Litinin na taɓa ta."

Daɗi ya rufe shi har ya ji yunwa, abin da bai ji ba tun safe. Ya kira Kelechi mai kayan gyara, wanda ya yi ta buga waya har ya samo masta mai lamba ɗaya da tsohuwar, ta iso a keke bayan azahar. Boniface ya ɗaura ta, ya ɗiga jan farcensa, ya sa Madam Edith ta zauna tana takawa yana fitar da iska ƙafa bayan ƙafa. A layin bayan gareji ya gwada. Motar ta tsaya cak, har kansa ya kusa bugun gilashi.

Yana wanke hannu idonsa ya faɗa kan gwangwanin mai da ke kan kanta, rabinsa babu. Sai ya tuna. Ranar Litinin ya ga man ya yi ƙasa, ya ce ai cinyewar fata ce, ya cika, bai tambayi inda ya tafi ba. Ya ajiye sabulun, ya je ya faɗa wa Madam Edith yadda aka yi, bai rage komai ba.

Ta ce, "To, mu biyu ke nan. Kai ka cika mai, ni na zagi bawan Allah a banza. Bari in je wurin Tagwai tun bai rufe ba."

Ta kunna motar, ba ƙara ba hayaƙi. Boniface ya leƙo ta taga ya roƙe ta takalmin. Ta yi dariya ta miƙa masa. Bayan ta tafi ya samo ƙusa, ya rataye shi daidai saman gwangwanayen man birki, inda dole hannunsa ya taɓa shi kafin ya ɗauki ɗaya.