Ta Wajen Babban Yatsa

Rositsa ta sauko daga bas a tasha ta ƙarshe, da ta waiga sai ta ga mutumin nan ma ya sauko. Shi ne mai jar rigar sanyi da ta kama ba tikiti, ya zage ta tas a gaban fasinjoji, ya kuma ƙi sauka. Shekara goma sha tara tana duba tikiti a bas-bas na birnin Plovdiv, ta saba da zagi. Amma ba a taɓa biyo ta ba sai yau.

Rana tsaka ce, direba ya ja motarsa ya tafi shan kofi, titin ba kowa. Ta ji tsoro, sai dai kuma wani zumuɗi ya taso mata, har ta ji kunyar kanta. Mako bakwai ke nan tana zuwa ajin kare kai da 'yarta ta sa ta a dole. Malaminsu, wanda suke kira Bai Stoiko, tsohon ɗan kokawa ne mai murɗaɗɗun kunnuwa. Matan sun je da burin koyon shuri da naushi, shi kuwa ya kwashe mako biyu yana koya musu tafiya da kai a ɗage, da duba ina ƙofa take, da ihu. Kullum sai ya ce wadda ta koma gida da haƙoranta cif ita ta ci faɗa.

Ta hango gidan burodi a tsallaken titi, ƙofarsa a buɗe. Ta doshi can ba tare da ta ruga ba. Takun mutumin ya ƙara sauri. Ta juyo ta fuskance shi, ta ja da baya taku biyu, ta ɗaga tafukan hannunta a gaban ƙirji.

"Tsaya daga nan. Faɗi abin da za ka faɗa, ina jin ka."

"Ke, tsohuwa, ni za ki ci wa mutunci a gaban jama'a?"

Warin giya ya riga shi isowa. Kafin ta ankara ya cafke mata wuyan hannun dama, ya matse kamar zai karya. Duk abin da ta koya ya gudu daga kanta, amma hannun bai manta ba. Ta murɗa shi ta wajen babban yatsan mutumin, inda riƙo ba shi da ƙarfi, ta fizge da dukkan nauyin jikinta. Sai ga hannunta a sake. Ta kurma ihun da ita kanta ba ta san tana da shi ba.

"Sake ni! Ban san ka ba! A kira 'yan sanda!"

Tagogi biyu suka buɗe a bene. Mutumin ya ɗaga kai yana kallonsu, ita kuwa ta zuba a guje, jakarta na dukan ƙugunta, ta faɗa gidan burodin. Mai shagon, wata siririyar mace mai suna Gergana da suka saba gaisawa, ta murza makulli, waya na kunnenta. Mutumin ya tsaya ya tofa yawu a gilashi, sannan ya yi gaba.

Rositsa ta kasa zama. Dariya na ta cin ta. Ta kira Bai Stoiko tana haki, ta ba shi labari tun daga farko, har sau biyu. Bai tambaye ta yadda ta murɗe ba. Ya tambaya ko ta ji ciwo, da kuma ko ta tsaya ramawa. Da ta ce a'a, ya ce to ranar Alhamis ita za ta tsaya gaban aji, kuma ta sha wani abu mai zaƙi kafin ta zube musu a ƙasa. 'Yan sanda suka zo, ta sake maimaita musu, har tana kama hannun ɗayansu don ta gwada. Ya rubuta kamannin mutumin yana danne murmushi.

Da suka tafi, Gergana ta ajiye mata shayi da banitsa mai zafi, wani gasasshen burodi mai cuku a ciki, cukun na narkewa. Ba ta koma bayan kantar shagon ba. Ta tsaya tana goge teburin da ba shi da datti.

"Anti Rosi, abin nan da kika yi da hannu. Ko mutum ya fi wancan girma, yana yi?"

"Yana yi mana. Bai Stoiko ya kai kilo ɗari da ashirin, ni da kaina na ƙwace a hannunsa."

"To in a kicin ne fa? In shi ne a bakin ƙofa?"

Rositsa ta ajiye kofin. Sai a lokacin ta lura da cewa duk zafin tanda, hannun rigar Gergana a sauke yake har wuyan hannu, ta kuma ja shi ƙasa da yatsunta. Rositsa ta daina dariya. Ba ta tambaye ta komai ba. Ta ce mata ana ajin Talata da Alhamis ƙarfe biyar, kuma a cikin matan akwai wata lauya, akwai kuma wata da take da ɗakin da ba kowa a ciki.

"Biyar ina shago. Mijina ya san lokacin da nake tashi."

"'Yata za ta tsare miki shagon awa ɗaya. Ni zan zo in ɗauke ki."

Gergana ta dubi titi, ta dubi agogo. Ta je ta juya allon ƙofa zuwa "a rufe", ta dawo ta miƙa mata hannu.

"Riƙe ni," ta ce. "Da ƙarfi."