Linzaman da Ke Rataye a Ƙusa

A bayan kujerar Mas Wisnu akwai wata ƙusa a bango, linzaman kwamfuta na rataye a jikinta ta wayoyinsu kamar kifin da aka shanya. Ranar da na fara aiki na ɗauka lalatattu ne. Kafin azahar nawa ya shiga cikinsu, da sunana manne a bayansa.

"A nan ba ma jan linzami, Dik Ratri," in ji shi, yana naɗe wayar a yatsa. "Wannan na masu sayen takalmi a intanet ne."

Ƙaramin kamfani ne a wani gida da ke arewacin birnin Yogya, muna yi wa gidajen abinci manhajar karɓar oda, Mas Wisnu ne shugaban masu rubuta kod. A wajenmu "Mas" ake ce wa namiji don girmamawa, "Mbak" ga mace, "Dik" kuwa ga wanda ka girma. Mu biyu aka ɗauka gwaji. Ni sinadarai na karanta a jami'a, daga baya na koyi kod. Ɗayan Mas Darto ne, wanda ya daɗe yana acaɓa, ya koyi nasa a waya tsakanin wannan fasinja da wancan. Ya girmi kowa a ofishin, kuma shi kaɗai ke da 'ya'ya.

Duk mai rubuta kod yana da edita, wato manhajar da yake rubutun a cikinta. Ni da Mas Darto iri ɗaya muka zo da ita, mai sauƙi, wadda ke ja maka jan layi in ka yi kuskure, ka danna da linzami ka gyara. Ta Mas Wisnu baƙin allo ce zalla. Ko adana abin da ka rubuta za ka yi, sai ka danne maɓallai biyu ko uku da hagu, ka buga wani da dama. Shi ya tsara ta da kansa, yana ji da ita.

"Zaɓi naku ne fa," ya ce mana. "Sai dai ranar kammala gwaji, a tawa za ku yi gyara a gaban kowa."

"To, Mas," muka ce. Me za mu ce?

Na tsani editar nan. Nakan goge layi ba da niyya ba, in rasa yadda zan dawo da shi, in zauna ina zufa a ƙarƙashin fanka. Amma a hankali yatsuna suka fara sabawa. Na Mas Darto ne ba su saba ba, kuma ni da ke zaune kusa da shi na ga dalili. Duk lokacin da zai danne maɓallan nan sai ya tsallako da hannun dama ta saman na hagu. Ƙaramin yatsansa na hagu da na kusa da shi ba sa lanƙwasuwa. Kullum hannun rigarsa a sauke yake har ya rufe su, ko da ana zafi.

Wata rana muna cin shinkafa da tempe, wato wainar waken soya, a rumfar bakin titi, na yi ta maza na tambaye shi abin da ya sami yatsun.

"Babur ne, Mbak," ya ce, ya mayar da hannun ƙarƙashin tebur. "An daɗe. Miƙo min yajin nan."

A gida, da tasa editar, aikinsa fes yake fita. Na sani, domin ni ke duba nasa, shi yana duba nawa. A ofis kuwa sai ya wuni a kan abin da ya riga ya gane tun safe. Mas Wisnu yakan wuce ya ce, "Lafiya dai ko, Mas?" shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Lafiya lau, Mas." Murmushin nan yana ƙona min rai fiye da ƙusar.

Ranar kammalawa aka haska allon a bango, kowa ya jawo kujera. Ni na fara. Na gama da ƙyar. Sai Mas Darto ya zauna. Kallo ɗaya ya yi wa kod ɗin ya nuna inda matsalar take da babban yatsa. Gyaran ne ya gagara. Ya tsallako da hannu, ya taɓa maɓallin da ba shi ba, rabin shafin ya ɓace.

"Mas, an wuce kwana!" in ji Galuh, mai zanen shafuka. "Juyo da babur!"

Aka kwashe da dariya. Ya dawo da shafin, ya sake kuskurewa, allon ya rabe biyu.

"Wallahi da ni ce fasinjar da na sauka na taka da ƙafa," Galuh ta ƙara.

"Ku bar shi mana," in ji Mas Wisnu, shi ma yana dariyar. "Mas Darto, ba gaggawa. Sai dai wannan aikin na masu haƙurin koyo ne. Ba kowa aka halitta dominsa ba."

Ni da ko gaisuwa nakan yi ta a ciki, sai na ji muryata ta cika ɗakin.

"Haƙurin koyo? Ya ga matsalar kafin kai ka gama gyara zama! Mu masu koyo ne, Mas, kod muka zo koya, ba wasan yatsu ba. Ka kwashe linzaman mutane ka rataye kamar ka yi farauta. Ka taɓa duban hannunsa? Yatsunsa biyu ba sa aiki! Da me kake so ya danne maka maɓallai uku, da hanci?"

Duk idanu suka sauka kan hannun Mas Darto na hagu. Ya ja hannun rigarsa ƙasa, ko da yake a sauke yake.

Mas Wisnu ya dafe ƙirji. "Innalillahi. Mas, ai sai ka faɗa! Da na san kana da lalura..." Ya tashi da sauri ya ciro linzami daga ƙusa, ya riƙo shi da hannu biyu. "Ga shi. Kai dai an ɗauke maka. Jama'a, Mas Darto kaɗai aka yarje wa, saboda halin da yake ciki."

"Allah sarki," in ji Galuh a hankali.

"Ba sadaka ya roƙa ba!" na ce. "Editarsa ce, aikinsa ne, ina ruwanka da..."

"Dik Ratri, ya isa. Ke kin wuce gwajinki, zauna."

Mas Darto ya karɓi linzamin da hannun dama, ya ɗan sunkuya kamar yadda ake yi wa na gaba. Ya dubi sunan da ke manne a bayansa. Ba nasa ba ne, nawa ne. Ya warware wayar, ya sake naɗe ta tsaf, ya ajiye a kan teburina. Bai dube ni ba. Ya ɗauki hular kwanonsa daga ƙarƙashin kujera, ya je bakin ƙofa inda muke tuɓe takalma, ya zura nasa, ya ja ƙofar a hankali har ta rufu.