Rabon Hannun Dama

Baƙin allon kwamfuta ne, ba hoto ba ado, sai fararen haruffa ƙanana kamar tururuwa. A irinsa Yaya ya ƙare ƙuruciyarsa yana kula da kwamfutocin wani kamfani, kafin hawan jini ya shanye masa hannun dama.

Tun hantsi ƙanwarsa, wadda gyaran kwamfuta ne sana'arta, take durƙushe a falonsa gaban tasa. Kamfanin ya ce ya shiga na'urarsu daga gida ya nuna zai iya aiki, in ba haka ba a ba wani kujerarsa.

Ta ƙara girman haruffa, ya ce bai gani. Ta sake ƙarawa, ya ce ta mai da shi makaho. Ta haɗiye maganar da ta zo mata, don ta gaji har da faɗa. Sannan ta sauya tsarin madannan rubutu zuwa na masu hannu ɗaya, haruffan da aka fi bugawa suka taru inda hagu zai same su. Ta kashe, ta kunna, wani saƙo ya fito a wargaje, ta koma ta gyara. Shayinta ya huce ba ta kurɓa ba.

"To, Yaya, bismilla. Sa kalmar sirrinka ta ofis."

Ya ɗora hagu, ya kasa buga ko harafi ɗaya.

"Auta, ban san ta ba."

"Kamar yaya? Kullum fa kana buga ta."

"Yatsuna ke bugawa. Ni ban taɓa tsayawa na duba ba."

"Sai mu kira su, su ba ka sabuwa."

"In ce na manta? Su ce kan ma ya tafi?"

Tausayinsa ya kama ta, haushin aikinta na yini ya biyo baya. Ta warware duk abin da ta ɗaura, ta mayar da tsohon tsari.

Nan take hagun ya farka. Ya buga biyu, ya dakata, ya buga ɗaya, ya sake dakatawa, yana barin gurbi daidai inda ɗan'uwansa na dama ya saba shigowa.

Yaya ya daɗe yana kallon madannan. Can ya kamo hannun damansa daga cinya, ya shimfiɗa shi a kansu, ya gyara masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan ba shi lokaci," ya ce.

Ta jawo kujera ta zauna.