Sunan da Uwani Ba Ta Faɗi

Ke, ai Zinatu anka ba! Zinatun Uwani ta Gwashi, ita ce shugabar ɗalibai duka a makarantar kwana ta Gummi, inda manyan Gusau da Sakkwato ke kai ɗiyansu. Tsaya in gyara goyo ki ji.

Can al'adarsu, ranar naɗi uwa ce ke hitowa ta kira sunan ɗiyarta a lasifika, ta rataya mata ɗamara. To Zinatu ɗiyar fari ce. Tun da Uwani ta haife ta, sunan nan bai taɓa hita bakinta ba, sai dai "yarinyar nan". Ko kallonta ba ta yi gaban mutane.

Matan manya sunka riƙa tashi da leshinsu, kowace ta kira tata mai ƙaramin muƙami, a yi tafi. Da anka zo kan babbar, Shugabar makaranta tac ce, "Ina mahaifiya?"

Uwani ta ja mayafi ta rufe huska. In ta tashi, matan Gwashi su ce ba ta da kunya. In ta zauna, ɗiyarta ta tsaya ita kaɗai awa marainiya. Ƙanwarta Hasana na ta zungurinta.

"Yaya, tashi mana!"

"Ke rabu da ni. Mi zan ce?"

Har wasu 'yan birni sun fara ƙus-ƙus. Sai Zinatu ta karɓi lasifikar da kanta.

"Innata na nan," tac ce. "Garinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma ba ni son ta fara yau saboda ni. Ku ƙannena ɗalibai, ku ara mata bakinku."

Wallahi ɗakin taron nan kamar rufin zai tashi. "Zi-na-tu!" Har malamai.

Cikin ihun nan Uwani ta miƙe. Ta taka har gaba, ta rataya ɗamarar tana kallon bango, ta ɗaure ta tamau awa mai ɗaure goyo. Hannunta ya daɗe kan kafaɗar bai sauka ba. Sannan ta juya ga Shugaba, ashe lasifika na kusa, kowa ya ji.

"Malama, yarinyar nan ta rame. Ku riƙa ƙara mata tuwo."

Don Allah in kin tahi Yargalma ki gaya wa Dija, ita ta yi goyon Zinatu.